Godiya ko Ƙorafi: Muhawarar da Ta Biyo Bayan Dawowa Daga Adre

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu kira da masu tambaya duk na gode, na dawo gida lafiya. Aiki ne ya kai ni gabashin Chadi. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke mu gyaran injinan rijiyar burtsatse da haɗa musu sola a wuraren da 'yan gudun hijirar Sudan suka sauka. Ta Maiduguri muka bi, Gamboru, Kusuri, Njamena, sannan muka nausa gabas zuwa Abeshe, daga can sai Adre a bakin iyakar Sudan. Tsakanin Adre da Al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, kilomita 30 ne da 'yan kai. Ta wannan hanya mutane suka kwararo bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman a watan Yuni da aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, aka far wa ƙabilar Masalit. Garin da mutanensa ba su wuce 40,000 ba, sai ga baƙi fiye da 200,000 a gefensa.

Ni maganar ruwa zan yi, don ita ce sana'ata. A ƙa'idar masu aikin agaji, mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana lita 15 ne, na sha da girki da wanka da wanki gaba ɗaya. Akwai ranakun da rabin wannan ma ba ya samuwa. Tun kafin asuba mata ke jera jarkoki, su zura igiya ta hannun jarkokin a ɗaure, don kada wani ya yi tsallaken layi. Wadda ba ta samu ba sai ta gangara busasshen rafi ta tona yashi da kwano har ruwa ya tsattsafo, ja-ja da shi. Na ga wata mata ta tsayar da yaronta a cikin baho ta yi masa wanka da kofi. Ruwan da ya taru a bahon ta wanke rigarsa da shi, ragowar kuma ba ta zubar ba, ta kai wajen da ake kwaɓa ƙasar bulo, don buga bulo shi ne aikin da mata da yawa ke yi a can su samu na cefane.

Da na shiga gidana na tarar yara sun bar randa a buɗe suna wasan watsa wa juna ruwa, wallahi ban iya yin faɗa ba, zama kawai na yi. Jama'a, mun cika ƙorafi. An ɗauke wuta ƙorafi, ɗan ga-ruwa ya makara ƙorafi. Muna da ƙofar da muke rufewa da daddare mu buɗe da safe. Mu riƙa gode wa Allah.

Maman Ummi:
Sannu da hanya Baban Khalifa, Allah Ya saka da alheri. Jikina ya yi sanyi. Jiya-jiya na ga an kwashe shinkafar biki rabin tukunya an kai bola, wai ta kwana. Da a ce an jiƙa ƙanzon nan an shanya, ai abincin wani gida ne na kwana biyu.

Ɗan Sahu:
Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amma Oga, maganar ɗan ga-ruwa a bar ni in yi ƙorafina, jarka ta ƙara kuɗi a unguwarmu.

Kwamared:
Barka da dawowa Yaya. Abin da ka gani ban musa ba, kuma Allah Ya kawo wa mutanen Sudan ɗauki. Inda na rabu da kai shi ne "mun cika ƙorafi". Wannan kalmar ita ce 'yan siyasa suke so su ji daga bakin talaka. Duk lokacin da aka ce ga matsala sai wani mai babbar riga ya fito ya ce ku gode wa Allah ba ku zama Sudan ba, ba ku zama Libiya ba. To me ya sa ba a cewa ku dubi ƙasar da famfo ke kawo ruwa kullum? Kullum da mai ciwo ake gwada mu don mu ce muna da lafiya.

Mutanen Adre yaƙi ne ya kore su. Mu wane yaƙi ne ya hana famfon unguwarmu kawo ruwa shekara da shekaru, alhali ga Tiga ga Challawa a jiharmu? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta fitar a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, wato kashi 63 cikin ɗari, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan fa tun kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ke nan. Litar da ba ta kai naira 200 ba muka wayi gari ta haura 500, daga baya ta taɓa 1,000. Mafi ƙarancin albashi an kai shi 70,000 a 2024. Ka lissafa mini kwana nawa zai kai magidanci mai 'ya'ya biyar. Idan wannan ya buɗe baki sai a ce butulci ya yi?

Baban Khalifa:
Kwamared ƙanina, ni ban ce kowa ya yi shiru a kan haƙƙinsa ba. Ni ma jarkar nake saya. Amma akwai ƙorafin neman haƙƙi, akwai kuma wanda ya zama ɗabi'a, mutum ya tashi da tsaki ya kwanta da tsaki, ya manta cewa ya ci ya ƙoshi. Shi nake nufi.

Kwamared:
To ai a bakin mai mulki duka biyun sunansu ɗaya. A watan Agustan 2024 da matasa suka fito kan yunwa, ba "ku yi haƙuri ku gode wa Allah" aka yi ta faɗa musu a rediyo ba?

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Ku ba ni dama in sa baki, don ina ganin kowannenku ya kama gefe guda na tabarma ɗaya yana ja. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ce a dubi wanda yake ƙasa, kada a dubi wanda yake sama, don hakan ya fi kusa da hana mutum raina ni'imar Allah a kansa. Akwai kuma na Tirmizi, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Abin da Baban Khalifa ya gano da idonsa ke nan. Kuma ku lura a Suratu Ƙuraish ni'ima biyu aka ambata, ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Mutanen da ya gani duka biyun suka rasa a rana guda.

Amma babu malamin kirki da zai ɗauki waɗannan ya rufe wa wanda aka zalunta baki. Godiyar Allah ake yi wa, ba gwamna ba. Shi shugaba amana ce a wuyansa, tambayarsa ake yi. Annabin da ya ce a dubi na ƙasa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce mafificin jihadi faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Ban ga inda suka yi karo ba. Mutum zai iya cewa alhamdu lillahi bayan ya sha ruwa, ya kuma je ya tambayi kansilansa ina kuɗin gyaran famfo.

Kwamared:
Allah gafarta Malam, da haka ake faɗa a kan mumbari da ban ce uffan ba. Rabin farko ake karanta mana, a ninke rabi na biyu a sa a aljihu.

Malamin Islamiyya:
Wannan kuma sai ka tambayi masu ninkewar. Ni dai ga shi na karanta maka duka.

Nas Daga Katsina:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Yaya Baban Khalifa, ba don in rage maka ladan tafiya ba, amma da ka tsaya a nan kusa da ka ga irin abin da ka gani ba tare da fasfo ba. Ni a sashen yara masu tamowa nake aiki. Akwai ɗan zaren awo da muke naɗa wa yaro a dantse, mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari. Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba, layin da muke gani sai wanda ya gani. Uwa za ta zo da yaro ɗan shekara biyu, ki ɗauke shi ki ji kamar zanen goyon ya fi shi nauyi. Ki tambaye ta ina gonarku, ta ce ba a zuwa, 'yan bindiga sun sa haraji, in ba a biya ba ba a noma, in an noma ba a girbi. Muna ba su abincin gyaɗar nan na leda, mu ce na yaron ne shi kaɗai, mu kuma san in ta koma gida sai ta raba wa yayyensa, don su ma ba su ci ba. Ba na ganin laifinta.

Su waɗannan in aka ce musu "muna da ƙofar da muke rufewa" ban san me za su ce ba. Wasunsu a makarantun firamare suke kwana, wasu a kangon gine-gine.

Baban Khalifa:
Gaskiya ne 'yar'uwa, Allah Ya ba ku lada. Ni da na ce "mu" 'yan zauren nan nake nufi, masu waya da kuɗin data.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Hajiya Nas ta riga ni. Ku a can kuna cewa "ƙasar waje", to mu nan ku ne ƙasar wajenmu. Tun 2019 mutanen Sabon Birni da Isa da wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina ke tsallakowa jihar Maraɗi, dubbai, kuma talakawan ƙauye ne suka fara sauke su a gidajensu kafin ƙungiyoyi su iso. Haka a Diffa mutanen Barno ne. A Kamaru akwai sansanin Minawao, 'yan Najeriya ne a ciki. A Chadin ma da Baban Khalifa ya je, can wajen Baga Sola kusa da tafki akwai sansanin Dar es Salam da mutanen Baga suka cika bayan harin farkon 2015. Ke nan wani ɗan Chadi ma zai iya zuwa can ya koma gida ya ce wa iyalinsa mu gode wa Allah ba mu zama Najeriya ba.

Mu kuma mun ɗanɗana namu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyaka aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai da muka san darajar ruwan sanyi. Shinkafa ta hau, magani ya yi wuya. Tsofaffinmu kuwa dariya suka riƙa yi mana, suna cewa ba ku ga komai ba, ku tambaye mu yunwar 1984 da aka sa wa suna El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar wancan lokaci. Kakata har ta rasu ba ta yarda a zubar da dusa.

Ɗan Sahu:
Wato kowa da wanda yake kallo ya ce alhamdu lillahi. To shi na can ƙarshen layi wa zai kalla?

Maman Ummi:
Ɗan Sahu kai dai ba ka rabo da barkwanci, amma wannan tambayar ta fi ƙarfina.

Ɗalibar Khartum:
Ni ina cikin ɗaliban da aka kwaso a 2023, kuma abin da nake so mutane su gane shi ne Sudan ba haka take ba. In ana maganarsu a nan sai ka ɗauka tun asali a tanti aka haife su. Ranar da abin ya fara Asabar ce, cikin goman ƙarshe na azumi. Daren Juma'a mun je kasuwa sayen kayan sallah, mun sha shayi a wajen matan da ke sayarwa a bakin titi, muna maganar jarrabawa. Da safe muka ji ƙara muka ɗauka taya ce ta fashe. Kafin azahar an rufe filin jirgi. Cikin 'yan kwanaki babu wuta, famfo ya ƙafe, banki a rufe, kuɗinka na cikin asusu amma ba ka da abin sayen burodi. A Jami'ar Afirka muka taru jiran motoci, sannan muka yi zaman jira a iyakar Masar, muna kwana a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba yunwar ba ce. Wata malamarmu, likita ce babba, mai gida da mota, bayan wata biyu ta turo mini saƙo tana tambaya ko na san wanda zai ba ta aikin koyar da Larabci ta waya. Don haka in Yaya ya ce mu gode, ni na fahimce shi. Abin da kake ganin ba zai taɓa gushewa ba, wuni ɗaya ya ishe shi. Har yau in na ji an buga knockout a biki sai gabana ya faɗi.

Kwamared:
Allah Ya kiyaye gaba 'yar'uwa. Amma ki duba, me ya kai su nan? Janar biyu ne, Burhan da Hemedti, da suka haɗa kai suka ture farar hula a Oktoban 2021, sannan suka juya wa juna bindiga a kan wa zai riƙe ƙasa. Ba rashin godiyar talakan Sudan ne ya jawo ba. Darasin da ni na ɗauka shi ne kada a bar masu mulki su yi yadda suka ga dama.

Ɗalibar Khartum:
Ai su ba su yi shiru ba Kwamared. Su ne suka cika titi har Al-Bashir ya faɗi a 2019. Ban ce kada a yi magana ba, na dai ga inda abin ya kai, shi ya sa nake tsoron duk wanda ke cewa gara kowa ya rasa.

Kwamared:
Ban taɓa cewa gara kowa ya rasa ba.

Shugaban Zaure:
Babu wanda ya ce ka ce. A ci gaba a hankali don Allah, muhawarar na da amfani, kada a ɓata ta.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, bari tsoho ya tofa. Hanyar nan da Baban Khalifa ya bi a mota, ita ce hanyar da iyayenmu suka bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka. Barno, Fort Lami wadda ita ce Njamena yanzu, Abeshe, Adre, Junaina, Fashir, Al-Ubayyid, har bakin teku. Wan mahaifina ya yi ta, shekaru ya ɗauka kafin ya dawo, yana tafe yana tsayawa yin ƙodago a gonakin auduga. Ya sha ba mu labarin yadda mutanen Darfur ke sauke alhazai su ba su asida da ruwa ba tare da sun san sunansu ba. Jikokin waɗanda suka shayar da shi ne yau ke tonon yashi. Ni in zan ce wani abu, bashi ne a kanmu, ba kallo ba.

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Ni ba na yawan magana a zauren nan, Hausata ma ta gauraye da Larabci, ku yi mini uzuri. A Sudan aka haife ni, a can aka haifi ubana da kakana. Asalinmu cikin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi a 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. A Omdurman nake da shagon kayan waya. Da yaƙi ya tashi muka koma Madani, a Disambar 2023 Madani ta faɗi muka sake gudu zuwa Gadarif.

Na gode wa Baban Khalifa, don ya je ya yi aiki da hannunsa, ruwan da ya gyara wani ya sha. Amma zan faɗi abin da ke raina. Yana da nauyi mutum ya ji an mai da shi abin da ake nuna wa yara don su cinye tuwonsu. Mu ba darasi ba ne. Matar nan mai baho tana da suna, wataƙila malamar makaranta ce, wataƙila gidanta a Junaina ya fi na wasunmu. Mutanen Jazira, jihar da Madani take, da azumi kan hanya suke tsayawa su tare motoci su tilasta wa matafiya sauka shan ruwa. Mutanen da suka saba bayarwa ne, karɓa tana yi musu ciwo.

Wani abu kuma, su ma suna godiya, kuma ba don sun ga wanda suka fi ba. Mahaifiyata a ɗakin aji muke zaune da iyali uku, an raba da labule, amma in ka tambaye ta lafiya sai ta ce alhamdu lillah fi ni'ima. Ita wa take kallo? Ɗan Sahu ya tambaya, to ga amsa. Idan godiyarka sai ka ga wanda ya fi ka wahala take zuwa, ranar da ka zama na ƙarshen layi me za ka yi?

Malamin Islamiyya:
Allahu Akbar. Ɗan'uwa ka faɗi abin da ya fi nawa. Allah Ya mayar da ku gidajenku cikin aminci.

Maman Ummi:
Wallahi har na yi hawaye. Allah Ya ba Hajiya lafiya, a gaishe ta.

Baban Khalifa:
Ɗan'uwa na ji ka, kuma maganarka ta shige ni. Ba don in mai da kowa abin kallo na rubuta ba, shi ya sa ko hoto ɗaya ban sa ba, duk da akwai masu cewa in turo. Amma ban janye batun godiya ba. Ɗan Adam mai mantuwa ne, wani sai ya gani yake tunawa. Mahaifiyarka ta kai matsayin da ba ta buƙatar gani, ni ban kai ba.

Kuma tunda ka ce suna da suna, bari in ba da labarin wanda ya fi zama a raina. Akwai wani dattijo da aka ba shi riƙon makullin famfo a inda muka yi aiki. A Junaina kantin magani yake da shi. Yana da wani littafi da ya rubuta layin kowace unguwa da lokacinta, da hannu mai kyau, kuma duk rigimar da ta tashi a layi shi ke kashe ta. Da muka gama haɗa sola ruwa ya fara zuwa da ƙarfi, bai yi murna yadda na zata ba. Tambayata ya yi, in injin ya lalace bayan kun tafi wa zai gyara, ina ake samun kayan? Sai da ya sa na koya wa samari biyu yadda ake wanke faifan sola da duba fis, ya rubuta komai a littafinsa. Sannan ya kawo mini shayi, ya ƙi karɓar ko sisi. Mutanen da suka zo tun rikicin Darfur na 2003 suna nan a sansanonin Farshana da Bredjing fiye da shekara 20, 'ya'yansu a sansani aka haife su har sun yi aure. Ya san haka, shi ya sa yake lissafin nesa.

Kwamared:
To ka gani Yaya? Dattijon nan bai tsaya a alhamdu lillahi ba, tambaya ya yi wa zai gyara. Ni ma ita nake yi.

Baban Khalifa:
Ya yi duka biyun ne ƙanina. Kai kuma ɗaya kake yi.

Ɗan Sahu:
An zo wajen.

Kwamared:
Wa ya gaya maka ba na godiya? Sai na rubuta a zaure za a san na yi?

Hajiya Mai Atamfa:
Ku bar wannan ja-in-jar haka, ba za ta ƙare ba. Ni tambayata ga Ɗan Mai Wurno: in mutum yana da ɗan abin da zai taimaka, ta ina zai bi ya isa hannun masu buƙata? Kuɗi sun sha shiga hannun da ba a sake jin labarinsu ba.

Ɗan Mai Wurno:
Hajiya Allah Ya saka. Abin da ya riƙe mutane da yawa a cikin Sudan shi ne takaya, wato girkin unguwa. Matasa 'yan sa-kai ne ke dafa wake ko adas a babbar tukunya, kowane gida ya kawo kwano. Mafi yawan kuɗin daga 'yan Sudan mazauna waje yake zuwa, ta manhajar Bankak. Shawarata kada ki tura wa wanda ba ki sani ba don ya sa hoto mai ban tausayi. Ki nemi wanda kika yarda da shi da ke da dangi a can, ko ki ba ƙungiyoyin da aka san suna aiki a wurin. Kuma kada ki raina kaɗan. Ni ba zan karɓi kuɗin kowa ba, don kada zumunci ya ɓaci.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, a haɗa da na kusa kuma. Maƙwabci yana da haƙƙinsa.

Nas Daga Katsina:
Na kusan ai ga mu nan Malam. Ba kuɗi muke karɓa ba mu ma, amma iyayen da ke jinyar yara suna kwana a tabarma babu abin rufa, kuma da yawa ba su da ko sabulun wanke zanen goyo. Duk wanda ke da asibitin yara kusa da shi ya je ya tambayi ma'aikatan me ya fi ƙaranci, za su faɗa masa.

Kwamared:
Wannan aikin gwamnati ne fa, Anti. In muka ɗauke mata sai ta ƙara miƙe ƙafa.

Nas Daga Katsina:
Aikinta ne, ka ci gaba da faɗa mata, ni ma ina so ta ji. Amma yaron da ke kan gado yau ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Ka taɓa cewa kana son zuwa ka gani da idonka don ka yi rubutu a kai. Litinin da Alhamis muke awon yara, tun ƙarfe takwas layi ya cika. In za ka zo ka bar kyamara a gida, ka taho da sabulu.